Rigimar Rabon Abinci da Ta Haifar da Shugabanni a Urushalima

Saɓanin farko da aka rubuta tsakanin mabiyan Yesu Almasihu a Urushalima a kan rabon abinci ya taso, tun kafin a kai ga muhawarar aƙida.

A shekarun 30 na miladiyya, jama'ar ba ta da ginin ibada nata. A gidaje suke taruwa, su yi addu'a, su ci abinci tare, suna kuma zuwa Haikali kamar sauran Yahudawa. Mai hali yakan sayar da kadara ya kawo kuɗin. Barnaba, mutumin tsibirin Kubrus, gonarsa ya sayar ya damƙa wa manzanni kuɗin. Daga wannan asusu ake ciyar da matan da mazansu suka rasu, waɗanda a wancan zamani ba su da madogara in ba ɗa ko dangi ba.

Da jama'a ta yi yawa, sai guna-guni ya fara. Yahudawa masu jin Girkanci, da yawansu tashin ƙasashen waje, suka ce ana tsallake zawarawansu a rabon kullum, ana fifita na 'yan gida. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan rabon hatsi ya san yadda kwano ɗaya kan raba kan mutane.

Littafin Ayyukan Manzanni ya nuna manzannin 12 ba su tsaya kare kansu ba. Suka ce jama'a ta zaɓi mutum 7 da ta amince da su, su kuma suka ɗora musu hannu da addu'a. Abin lura shi ne dukkan bakwai ɗin sunayen Girkanci gare su, har da Istifanas da Filibus, kuma Nikolas mutumin Antakiya ba haifaffen Bayahude ba ne. Shi ya sa masana da dama ke ganin ɓangaren da ya koka aka miƙa wa ludayin. Dabara ce mai kyau, domin wuya mutum ya zargi rabon da ɗan'uwansa ya yi.

Bakwai ɗin ba su tsaya a kan tukunya ba. Istifanas ya shiga wa'azi har aka jefe shi, Filibus ya kai saƙon Samariya.

Sannu a hankali muƙamai suka zauna: dattawa, dikinoni, sannan bishop guda a kowane gari, tsarin da Ignatiyus na Antakiya ya yi ta jaddadawa a wasiƙunsa a farkon ƙarni na 2. Mata ma suna ciki. Manzo Bulus ya kira Fibi mai hidimar ikilisiyar Kankiriya, kuma a gidan Lidiya, mai fataucin tufafin shunayya, masu bi na birnin Filibi suke haɗuwa. Wajen shekarar 112, da Filini, gwamnan Rumawa a Bitiniya, ya so sanin abin da Kiristoci ke yi a taronsu, kuyangi biyu ya sa aka azabtar, waɗanda jama'ar ke kira masu hidima.