'Yan Matan Kasuwar Dantokpa da Sistocin Don Bosco

Kwatano ba baƙon suna ba ne a kunnen Bahaushe. Ta can motoci ke shigowa, da shinkafa, da atamfa, da dilolin gwanjo, kuma ta tashar jiragen ruwanta kayan Nijar suka daɗe suna sauka kafin su kama hanyar Malanville zuwa Gaya. Wanda ya je fatauci yakan sauka a Zango, unguwar da ke kewaye da babban masallacin birnin, inda ake jin Hausa da Dandanci da Zabarmanci da Yarabanci a layi ɗaya. Daga nan ɗan zemijan mai rigar ruwan ɗorawa zai ɗauke shi a babur, cikin 'yan mintoci ya sauke shi a Dantokpa, kasuwar da ke shimfiɗe a bakin ruwa, wadda ake lissafa ta cikin mafi girma a Afirka ta Yamma.

A cikin lungunan kasuwar nan akwai wasu ma'aikata da mai saye ba ya cika lura da su. 'Yan mata ne ƙanana, wasu ba su kai shekara goma ba, da faranti a ka: tumatir, albasa, sabulu, ruwan leda. Da yawa daga cikinsu ba 'ya'yan masu rumfunan ba ne. Da harshen Fon ana ce musu vidomegon, wato yaron da aka ajiye a hannun wani. Mu a wajenmu 'yar riƙo ke nan.

Asalin al'adar ba mugun abu ba ne, kuma Bahaushe ya fi kowa sanin haka, tun da shi ma yana cewa ɗa na kowa ne. Manomi a ƙauye yakan miƙa 'yarsa ga 'yar'uwarsa da ke birni, ta ci da ita, ta koya mata kasuwanci ko ta sa ta makaranta, in aure ya zo ta yi mata kayan ɗaki. Abin ya lalace ne lokacin da kuɗi ya shiga tsakani. Talauci ya tsananta a karkara, birni ya cika da mata 'yan kasuwa masu neman hannun da ba sai an biya shi albashi ba, sai dillalai suka samu sana'a. Dillali zai shiga ƙauye da ɗan kuɗi da turmin atamfa da alkawarin makaranta, ya fito da yarinya, ya damƙa ta ga matar da iyayen ba su taɓa gani ba. Daga ranar ita ce mai ɗebo ruwa da asuba, mai shara da wanke-wanke, mai talla har rana ta faɗi. In ciniki bai cika ba, akwai bulala. Wadda ta zubar da kaya ko aka sace mata kuɗi takan ji tsoron komawa gida, ta kwana a ƙarƙashin tebur a kasuwa, kuma abin da ke samun yarinya a irin wannan dare ba sai an fayyace shi ba.

Duniya ta farga da girman lamarin a watan Afrilun 2001, lokacin da wani jirgin ruwa mai suna Etireno ya dawo Kwatano bayan an hana shi sauke fasinja a Gabon da Kamaru. An yi ta raɗe-raɗin cewa yara har 250 ne a ciki. Da ya tsaya aka tarar da kimanin 40, amma hoton ya riga ya zagaya duniya. A 2003 kuma aka dawo da yaran Benin fiye da ɗari daga wuraren fasa dutse na yankin Abeokuta. Benin da Nijeriya suka ƙulla yarjejeniyar yaƙi da safarar mutane a 2005. A 2006 aka yi dokar hukunta masu safarar yara, aka kuma soke kuɗin makarantar firamare ta gwamnati, sannan a 2015 aka fitar da cikakken kundin dokokin kare yara. Doka ta hana sa yaron da bai kai shekara 14 ba aiki. Sai dai doka ba ta shiga rumfa ta tambayi yarinya ko ta karya.

Waɗanda suka shiga rumfar su ne sistocin ɗarikar Katolika da aka fi sani da sistocin Don Bosco. Ƙungiyarsu ta samo asali ne a 1872 a ƙauyen Mornese na ƙasar Italiya, inda wani limamin coci, Giovanni Bosco, da wata 'yar manoma mai sana'ar ɗinki, Maria Mazzarello, suka kafa ta. Shi Bosco ya yi rayuwarsa ne cikin yaran da suka baro ƙauyuka suka cika titunan birnin Turin suna neman aikin leburanci, kuma tarbiyyar da ya bar wa mabiyansa ta tsaya a kan abu uku: a yi wa yaro magana da hankali, a koya masa addini, a nuna masa ƙauna, ba tare da duka ba. Aikin mishan da 'yan mata ba sabo ba ne a wannan gaɓar teku. Limaman Katolika na farko na wannan zamani sun sauka a Ouidah a 1861, kuma a 1877 wasu sistoci daga Faransa suka isa Agoué don karantar da 'ya'ya mata. Sistocin Don Bosco sun zo Kwatano ne a 1992.

Dabararsu ita ce abin dubawa. Yarinyar da ke talla ba ta da ikon zuwa makaranta, don haka suka kai mata makarantar inda take. A tsakiyar Dantokpa suka buɗe wata rumfa, Baraque SOS Vidomègon. Yarinya za ta shigo, ta sauke farantinta a gefe, ta zauna a benci. A nan ake koya mata baƙaƙe da lissafi, ta yi wasa da sa'o'inta, in barci ya ɗauke ta a ƙyale ta. Ma'aikatan wurin, waɗanda akasarinsu 'yan ƙasa ne ba sistoci ba, sukan zagaya kasuwar suna neman yaran, suna kuma lallashin iyayen ɗakinsu su sake su na ɗan lokaci. Wannan lallashi shi ne rabin aikin. Da a ce sun zo da faɗa da barazanar 'yan sanda, da kowace mai rumfa ta ɓoye yarinyarta a gida, inda babu idon da zai gan ta. A zaman benci ne ake gane wadda ke da tabon bulala a baya, da wadda ba ta san sunan ƙauyensu ba, da wadda ciki ya fara fitowa.

Daga rumfar aikin ya yi rassa. Akwai gidan kwana a kusa da kasuwar don masu kwana a fili. Akwai Maison de l'Espérance, inda 'yan mata da samarin da suka tasa ke koyon yin burodi da kek da girki da haɗa sabulu. Akwai Maison du Soleil na 'yan matan da suka haihu suna da ƙuruciya, inda ake kula da jariri uwar kuma ta koyi sana'a. Sai babban gidan da ke unguwar Zogbo, Foyer Laura Vicuña, wanda aka sa wa sunan wata yarinya 'yar ƙasar Chile da ta rasu a Ajantina a 1904 tana da shekara 12, bayan ta sha azaba a hannun mutumin da mahaifiyarta ke zaune da shi. Nan sashen 'yan sanda mai kula da yara ke kawo waɗanda aka ƙwato daga masu safara ko daga gidajen da ake gallaza musu.

Mai karatu Musulmi zai yi tambaya a nan, kuma tambayarsa tana da tushe. Me ke bayan wannan alheri? A ƙasar Hausa an daɗe ana kallon mishan da ido ɗaya. Bayan cin Sakkwato a 1903 Baturen mulki Lugga ya yi alkawarin ba zai taɓa addinin mutane ba, kuma shi ya sa aka taƙaita 'yan mishan a biranen sarakuna. Ɗan mishan Likita Mila ya samu zama a birnin Zariya tun 1905, amma a ƙarshe sai da aikinsa ya koma Wusasa, a wajen ganuwa. Yaran da Turawa suka 'yanto daga bauta kuwa, an miƙa da yawansu ga gidan da mishan ta buɗe a Rumasha a 1909, kuma can suka tashi Kiristoci. Saboda haka tsoron cewa maraya da ɗan talaka su ne ƙofar da ake shigowa ta ita ba ƙage ba ne. Su ma sistocin Kwatano ba su ɓoye cewa imaninsu ne ya kawo su ba, kuma gidajensu gidajen Kirista ne, da gicciye a bango da lokutan addu'a. Yarinyar da ta yi shekaru a irin wannan gida, tana ƙarama, nesa da danginta, dole abin ya bar mata alama. A ɗaya ɓangaren, ba a tambayar addinin yarinya kafin a buɗe mata ƙofa, a ƙasar da ƙidayar 2013 ta nuna Musulmi sun kai kashi 27.7 cikin ɗari, Katolika kashi 25.5, masu bin addinin gargajiya na Vodun kashi 11.6. Kuma abin da suka fi sa a gaba shi ne mayar da yarinya hannun iyayenta, ba riƙe ta ba.

A ganina tambayar da ta fi nauyi tana kan mutanen Zango ne da mu 'yan'uwansu na Kano da Maraɗi. Riƙo namu ne, talla tamu ce, kuma 'yar aikin da ake ɗaukowa daga ƙauye, Hajiya ta riƙa aika kuɗinta ga wata dillaliya duk wata, tana cikin gidaje da yawa da muka sani. Zango na da masallatai da makarantun allo da Islamiyyu, yana da attajirai masu fitar da zakka, kuma ya gaji al'adar saukar baƙo, wadda ita ce ma dalilin kafuwarsa. Muna da abin koyi na kanmu tun daga Nana Asma'u, wadda ta riƙa tura malamai mata da ake kira jaji zuwa ƙauyuka su karantar da matan da ba za su iya zuwa Sakkwato ba. Wannan ma kai ilimi ne inda mace take. Wanda ke jin zafin ganin 'yar Musulmi a bencin sistoci, benci ba shi da tsada, kuma malama mai zama a kasuwa awa biyu a rana ba ta fi ƙarfin aljihun jama'ar masallaci ɗaya ba.

Mataki mafi wuya a aikin shi ne na ƙarshe. Sai an fara gano ƙauyen, wani lokaci daga sunan wata kasuwa ko wani rafi da yarinyar ta iya tunawa. Sai ma'aikaci ya hau babur ya je ya zauna da uba da uwa da mai gari, ya gaya musu abin da 'yarsu ta gani a birni, domin da yawa sun ɗauka tana makaranta. Akwai iyayen da ke fashewa da kuka, akwai kuma waɗanda ke kallon ta a matsayin ƙarin baki a gidan da hatsi bai isa ba. Shi ya sa ba a ajiye ta a juya. Ana sa ta a makaranta ko wajen mai koyar da ɗinki ko kitso, a riƙa komawa ana dubawa, domin dillalin da ya ɗauke ta da farko bai bar yankin ba, kuma tana da ƙanne. Inda aka ga gidan ba zai riƙe ta lafiya ba, ko an riga an yi mata miji tana ƙarama, sai a dawo da ita Zogbo ta ci gaba da karatu har ta iya tsayawa da ƙafarta.