Takardar da ta tona asirin wanda ya kashe Marlowe

A ranar 30 ga Mayu, 1593, aka kashe Christopher Marlowe a garin Deptford, a bakin kogin Thames, kusa da Landan. Shekarunsa 29. Ɗan wani mai ɗinkin takalma ne daga Canterbury, ya yi karatu a Cambridge, kuma a lokacin shi ake ji a fagen rubuta wasan kwaikwayo a Ingila. Shakespeare, da aka haife su shekara ɗaya, bai gama kafuwa ba tukuna. Duk da wannan suna, an kwashe shekara fiye da 300 ba wanda ya san takamaimai wa ya kashe shi, balle a kan me.

Jita-jita dai ba a rasa ta ba. A 1597 wani malamin coci, Thomas Beard, ya rubuta cewa fushin Allah ne ya sauka a kansa saboda saɓo. A 1598 Francis Meres ya ce wani bara ne ya soke shi a kan kishin soyayya. A 1600 William Vaughan ya ce a Deptford abin ya faru, kuma mai kisan wani ne wai shi Ingram. Shi ne ya fi kusantar gaskiya, amma ba a kula shi ba, domin a 1820 an duba littafin binne mamata na cocin St Nicholas da ke Deptford, aka karanto cewa wani Francis Archer ne ya yi kisan. Ashe kuskure biyu ne a layi ɗaya. Magatakardan cocin ya rubuta Francis a inda ya kamata ya sa Ingram, shi kuma mai karantawa ya ga Frezer ya karanta Archer. Haka masana suka yi shekara ɗari suna cigiyar mutumin da ba a taɓa haifa ba.

Wanda ya warware ƙullin wani matashi ne haifaffen Kanada, ɗalibin jami'ar Harvard, Leslie Hotson. Wani bincike daban ne ya kai shi ma'ajiyar takardun gwamnati da a lokacin take titin Chancery Lane a Landan. Yana cikin bin jerin sunayen da ke tsofaffin kundaye sai idonsa ya faɗa kan wani suna: Ingram Frizer. Nan take ya haɗa Ingram ɗin da Vaughan ya ambata da Frezer ɗin littafin coci, ya ga mutum ɗaya ne.

Samun suna daban, samun hujja daban. Ya bi takardun shari'ar masu laifi, bai ga kowa ba. Sai ya yi wani tunani, wanda a ganina shi ne gwanintar labarin gaba ɗaya: in ba a hukunta mutumin ba, to wataƙila yafe masa aka yi, kuma afuwar sarauniya ba ta fita sai an rubuta ta. Ya koma kundin afuwa na 1593, ya tarar da ita: ranar 28 ga Yuni an yafe wa Ingram Frizer bisa cewa kare kansa ya yi. Daga nan ya bi sawu har ya kai ga takardar binciken gawar kanta, cikin wani tarin takardu na lardin Kent, an rubuta ta da harshen Latin. Sunan mamacin a ciki Christopher Morley. Wanda duk ya zo neman Marlowe da harufan da muka sani yau, zai wuce ta bai sani ba. Hotson ya buga abin da ya gano a 1925.

A Ingila tun 1194 akwai jami'in da aikinsa a wancan zamani shi ne, in mutum ya mutu farat ɗaya ko ta hanyar da ake tantama, ya zo ya ga gawar, ya rantsar da mutanen gari, su faɗi musabbabin mutuwar. Na Marlowe, William Danby ne ya zauna, jami'in gidan sarauta, saboda an ɗauka abin ya faru cikin mil 12 daga inda Sarauniya Elizabeth ta Farko take. Ranar 1 ga Yuni aka yi zaman, da mutum 16 da aka rantsar.

Ga abin da suka amince da shi. Mutum huɗu sun haɗu da ƙarfe goma na safe a gidan wata bazawara, Eleanor Bull: Marlowe, Frizer, Nicholas Skeres da Robert Poley. Suka ci abincin rana, suka zazzaga cikin lambu har ƙarfe shida, suka dawo suka ci na dare. Sai gardama ta kaure tsakanin Marlowe da Frizer a kan kuɗin da za a biya. Marlowe yana kishingiɗe a kan gado, Frizer yana zaune ya ba shi baya, Skeres a gefe ɗaya, Poley a ɗaya gefen, babu hanyar gudu. Marlowe ya zare wuƙar da ke ƙugun Frizer ya yi masa rauni biyu a ka. Cikin kokawar ƙwace ta, wuƙar ta shige saman idon Marlowe na dama, zurfin inci biyu, faɗin inci ɗaya. Nan take ya cika.

Har kuɗin wuƙar an rubuta, sule ɗaya. Ba don ƙawa ba ne: a dokar lokacin, duk abin da ya jawo mutuwar mutum, wuƙa ce ko keken doki, yakan zama na sarauta, don haka dole a yi masa kuɗi. Sai 1846 aka soke wannan doka.

Kada a ce takardar ta kashe magana. Mutum uku ne suka ga abin, kuma su ukun ba na yarda ba ne. Poley ɗan leƙen asirin gwamnati ne, da hannunsa aka tona makircin Babington na kashe sarauniya a 1586. Skeres ɗan damfara ne. Frizer yaron Thomas Walsingham ne, uban gidan shi Marlowe ɗin, kuma bayan afuwar ya koma bakin aikinsa lafiya lau. Kwana goma kafin kisan, Marlowe ya gurfana gaban majalisar sarauniya, aka ce ya riƙa bayyana kullum. Mutum huɗu irin waɗannan su wuni tare, a ce kuɗin abinci ne kawai ya haɗa su faɗa? Ni dai ban gamsu ba, kuma masana da dama ba su gamsu ba. Takardar ta adana abin da aka faɗa a gaban Danby ne, da sunaye da wuri da lokaci. Ko da ƙarya aka shirya, yanzu an san waɗanda suka shirya ta.

Irin waɗannan takardu ba na mashahurai kaɗai ba ne, shi ya sa masu neman tarihin kakanninsu suke rububinsu. Talakan da bai bar wasiyya ba, bai mallaki fili ba, sau da yawa nan ne kaɗai aka rubuta yadda ya wuni. Steven Gunn na jami'ar Oxford da abokan aikinsa sun karanta dubbai daga ƙarni na 16. A ciki suka ga wata yarinya, Jane Shaxspere, 'yar shekara biyu da rabi, da ta faɗa ruwa tana tsinkar furanni a Upton Warren a 1569.

Mai neman na kakansa a Ingila ko Wales ya fara da takardar shaidar mutuwa, wadda aka soma bayarwa a 1837, domin takan nuna ko an yi zaman bincike. Tsofaffin takardu da yawa suna babbar ma'ajiya ta ƙasa da ke Kew, na baya-baya kuma a ma'ajiyun larduna. Waɗanda ba su cika shekara 75 ba a rufe suke, kuma an lalata da yawa. In fayil ya ɓata, a duba jaridar garin ta wannan mako, don a ƙarni na 19 akan yi zaman ne a mashayar unguwa, ɗan jarida na zaune yana rubuta abin da shaidu suka ce. A gwada sunan mamacin ta kowace fuska da kunne zai iya jin sa, in bai fito ba a nemi sunan shaidu da na wanda ake zargi.