Masu sharhin tsofaffin finafinai: ina kaset ɗin jiya ya shiga?

Duk wanda ya ratsa fadar samari a Gaya bayan sallar isha'i ya taɓa ganin wannan: kawuna huɗu ko biyar sun taru bisa salula guda, a cikinta wani saurayi yana ta bayani a kan wani tsohon fim, yana tsai da shi, yana maido shi baya, yana nuna inda jarumi ya yi kuskure da inda waƙa ta yi armashi. Waɗannan su ne masu sharhin tsofaffin finafinai da wasannin bidiyo a intanet. Dattijo in ya gani sai ya ce zaman banza ne. Amma, jama'a masu karatu, al'amarin ya cancanci a dube shi da idon basira.

A Amurka wannan sana'a ta bunƙasa. Cikin 2004 wani matashi, James Rolfe, ya soma ɗaukar kansa da kyamara yana caccakar wasannin Nintendo da ya buga yana yaro, kuma a 2006 ya zuba su cikin YouTube, shekara guda bayan kafa ta. A 2007 Doug Walker ya bi sahu da finafinan ƙuruciyarsa. Da ba'a da barkwanci suka yi suna. Sai dai su suna da abin aiki a hannu, domin tsohon wasa da tsohon fim suna nan ajiye a ƙasarsu, duk mai so ya nema ya auna maganar mai sharhi.

To, mu fa? Gaya ta san hanyar fim tun intanet ba ta zo ba. Garin yana fuskantar Malanbil ta Binin a ƙetaren kogi, ga kuma Kamba ta jihar Kebbi a Najeriya kusa. Cikin hajar 'yan kasuwa kaset-kaset na Kano suka riƙa shigowa, bayan ƙungiyar Tumbin Giwa ta buɗe ƙofa da Turmin Danya a 1990. Daga baya aka ga Sangaya, aka ga Wasila, aka sha dariyar marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014. Mu da muke yara lokacin, da dala biyar muke shiga gidan kallo, mu zauna bisa benci gaban tele guda, yau fim ɗin Hausa, gobe na Indiya da Amitabh Bachchan. Yanzu kallon ya koma aljihu. Da aka rufe gada a 2023, manyan motoci sun yi jerin gwano, amma bidiyo bai tsaya jiran duwan ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne, mai sharhi ba ya aiki sai da fim, alhali finafinanmu na ɓacewa. Zaren kaset ba ya jure zafi da ƙura da laima, ga shi kuwa yankin Gaya ne kan gaba wajen samun ruwan sama a Nijar. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe mai ƙera injin kallon kaset, ya daina a 2016. Faifan da ya gaji kaset kuwa, ƙarzuwa kaɗan ke kashe shi. Abin da ake tsinta a intanet sau da yawa guntaye ne, kwafin kwafi, hoto ya dushe, an yanke sunayen waɗanda suka yi aikin. Mai sharhin da ya dogara da irin wannan, tilas ya cike giɓi da ji-ta-ji-ta, masu kallo kuma su ɗauka tarihi ne.

Finafinan gida ma ba su tsira daga mantuwa ba. A 1972 Umaru Ganda ya ɗauki babbar kyautar FESPACO ta farko a Wagadugu da fim ɗinsa Le Wazzou polygame. Mustafa Alasan, wanda ya rasu a 2015, yana cikin waɗanda suka fara fim na zane a Afirka. Samari nawa ne a Gaya suka taɓa kallon aikinsu? A 2017 gidauniyar Martin Scorsese ta haɗa kai da UNESCO domin gyara tsofaffin finafinan Afirka 50. Abin yabo ne, amma ɗaruruwan finafinan Hausa na kaset ba su da mai ceto sai mu.

Saboda haka kira uku muke yi. Ɗan kasuwar da ke da kwalin tsofaffin kaset a lungun mangaza, kada ya ƙona shi, kada ya zubar. Wataƙila kwafin ƙarshe na wani fim yana ciki. Ma'aikatan al'adu na Doso da Gaya su tattara su, su juye su cikin kwamfuta da yardar masu haƙƙinsu, tun da sauran injin da ke juyawa. Masu sharhi kuwa su sani dariya kaɗai ba ta isa ba. Yi wa fim ɗin da aka ɗauka da kyamara guda ba'a abu ne mai sauƙi. Aikin da zai ɗore shi ne a faɗi shekarar fim, da wanda ya ba da umarni, da wanda ya rera waƙa, a kuma nuna suturar mutane da maganarsu da kasuwarsu a wancan zamani.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Ya rage gare mu kada mu bari ta zube. Allah shi sa mu gane.