Bargon Haɗe-haɗe a Jos: Ƙyallayen Tela Da Lissafin Riba

JOS — Daga watan Nuwamba zuwa Janairu abubuwa biyu ne ke haɗuwa a shagunan teloli na Tina Junction da ke yankin Unguwar Rukuba: hunturu, da kuma tarin ƙyallayen atamfa da ɗinkin Kirsimeti ke bari a ƙarƙashin keke. Jos tana bisa tsaunin da ya kai kimanin mita 1,200, saboda haka bargo a nan ba kayan ado ba ne. Su kuwa ƙyallayen, akasarinsu shara ce ke kwashe su.

A Amurka irin waɗannan ƙyallaye ne aka gina sana'a a kansu, wato ɗinkin bargo mai hawa uku: fuska ta ƙyallayen da aka harhaɗa, auduga a tsakiya, sai yadi a baya, a bi duka da ɗinki don kada audugar ta dunƙule. Dabarar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, domin lifidin da ake sa wa dawakan sarakuna haka ake yinsa, da audugar rimi a ciki. A Jos ma an gwada ta a matsayin hanyar neman abinci. Gidauniyar Mashiah ta koya wa zawarawa da mata masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau wannan ɗinki a shirinta na Women of Hope, aka kuma sayar da abin da suka ɗinka har a ƙasashen waje.

Samfuran da ake bi suna cikin tsofaffin littattafai, irin su na Ruby McKim mai samfuri 101 wanda ya fito a 1931. To amma littafin da aka rubuta wa matan karkarar Amurka, masu ɗinki da hannu a lokacin da ba su da aikin gona, ba ya lissafa kuɗin ƙwadago, wanda shi ne abu na farko da mai sana'a zai duba.

A ɗauki samfuri mafi sauƙi, mai gida tara, inda ake jera murabba'i uku-uku su ba da fili guda mai inci 12. Bargon gado mai ƙafa 6 da ƙafa 7 yana bukatar irin wannan fili 42, wato ƙyalle 378 ke nan da za a auna, a yanka, a ɗinka. Idan aka koma ga samfurin Log Cabin mai zagaye uku, kowane fili ƙyalle 13 ne, jimla 546. Wannan duk kafin a shimfiɗa auduga.

Akwai kuma tarko a awo. Da yawa daga cikin tsofaffin samfuran girman ƙyalle bayan an gama ɗinki suke nunawa, sai mai yanka ya ƙara rubu'in inci a kowane gefe. Murabba'i mai inci 4 sai a yanka shi inci 4 da rabi. Wanda ya manta, bargonsa zai tsuke da inci 9 a faɗi. Wanda kuma hannunsa ke cin ƙarin kashi ɗaya cikin takwas na inci a kowane ɗinki, a layi mai ɗinki 17 ya yi asarar fiye da inci 2, kusurwoyi kuma ba za su haɗu ba. Telan da ya saba yanka riga da ido zai ga wannan kamar tsanani, amma mai saye kusurwoyin yake fara dubawa.

Batun cewa kayan aikin kyauta ne shi ma yana bukatar gyara. Yadi ɗaya na atamfa yana ba da murabba'i kusan 72 na wannan girma, don haka fuskar bargon kaɗai tana cin yadi biyar da ɗoriya, kusan turmi guda. Ƙyallaye na iya ɗauke wannan nauyi in an tara su an ware su launi-launi. Bayan bargon kuwa yadi ne ɗungurungum, kimanin biyar, kuma saye ake yi, haka ma auduga da zare. Masaƙun Kaduna da a da ke wadata Arewa da yadin auduga sun durƙushe: KTL da aka kafa a 1957 ta rufe a 2002. Atamfa mai araha da ta cika kasuwa yanzu galibi roba ce ko gauraye, ba ta tsukewa daidai da ta auduga, wata kuma tana zuba. Wanda bai wanke ƙyallayensa kafin yanka ba, wankin farko a gidan mai saye ne zai tona masa asiri.

Sannan ga abokin gasa. A kasuwar Katako ana buɗe dilolin gwanjo, barguna masu kauri na fitowa a farashin da ba wanda zai yi kwanaki a kan keke ya iya sauka gare shi. Mai neman maganin sanyi kawai can zai nufa, kuma yana da gaskiya. Kasuwar bargon haɗe-haɗe tana wajen mai sayen aikin hannu: masaukin baƙi da ke son ɗakunansa su bambanta, iyayen amarya masu haɗa kayan ɗaki, da matafiyi mai neman tsarabar da ba ta Sin ba.

Irin waɗannan masu saye ba kullum suke zuwa ba, jari kuwa na iya kwana wata da watanni a cikin bargo guda. Shi ya sa ya fi dacewa mai farawa ya ɗauki fili ɗaya daga littafin ya mayar da shi rigar matashin kai, ko jaka, ko bargon jariri mai fili 12. Ƙyalle 108 ne kacal, yadi ɗaya da rabi ya isa baya, kuma daga nan ne zai san sa'o'i nawa kowane fili ke ci kafin ya yanka wa babban bargo farashi.