Littafin Kuɗinka a Ɗakinka: Yadda Ake Kafa Manhajar Lissafi a Cikin Kwantena

A watan Maris na 2024 aka rufe wa ɗimbin mutane a Amurka da Kanada littafin da suke rubuta kuɗinsu a ciki. Littafin ba na takarda ba ne. Wata manhaja ce mai suna Mint, wadda ta fara aiki a 2007, kamfanin Intuit ya saye ta a 2009. Akwai waɗanda suka yi shekara goma ko fiye suna zuba mata bayanin albashinsu da cefanensu da bashin da ake bin su. Kyauta suke amfani da ita, amma ba tasu ba ce. Ranar da mai ita ya ga dama, sai ya ba da sanarwa ya ja ƙofa. Dama Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Mai yiwuwa ka ce kai ɗan makaranta ne, kuɗin tara da na mota kawai ke shiga hannunka, ina ruwanka da wannan? To ai ɗan abin nan shi ne ya fi saurin salwanta. Ran Litinin an ba ka kuɗin mako, ran Laraba aljihu ya bushe, kuma ko an tsare ka da bulala ba za ka iya faɗin inda suka tafi ba. Ballantana idan kana sayar da katin waya ko cincin a makaranta, ko kina riƙe da kuɗin adashen 'yan ajinku. Rubutawa ita ce magani. Tambayar ita ce, a ina za a rubuta, kuma wa zai iya gani?

Bayanin kuɗin mutum yana tona asirinsa fiye da yadda ake zato. Wanda ya ga abin da kake saya ya san inda kake zuwa, da lokacin da kake da shi, da lokacin da kake cikin matsi. Shi ya sa wasu suka zaɓi su ajiye manhajar lissafinsu a kan kwamfutarsu ta gida, ba a kan ta wani kamfani ba. Ba sai kana da kuɗi ko digiri ba. Tsohuwar laftof ɗin yayanka da aka jingine saboda ta yi nauyi za ta iya wannan aiki.

Manhajar da za mu ɗauka misali ita ce Firefly III, wadda wani mai rubuta manhaja a ƙasar Holan, James Cole, ya ƙirƙira. Kyauta ce, kuma rubutun da aka gina ta da shi a buɗe yake, kowa zai iya dubawa ya ga ko akwai wata ɓoyayyiyar hanya da take kai bayani waje. Ba banki ba ce, ba ta riƙe kuɗi, ba ta tura wa kowa ko sisi. Littafi ce kawai, sai dai littafi mai kai. 'Yan ajin kasuwanci za su gane ta da wuri, domin tana bin ƙa'idar nan ta shigarwa biyu da Luca Pacioli ya bayyana a littafinsa da aka buga a Venis a 1494: duk kuɗin da ya motsa, akwai inda ya fito, akwai inda ya shiga. Ka biya mai Keke Napep Naira 300, sun fita daga aljihunka sun shiga asusun kashewa na sufuri. Har asusu take da shi, inda za ka ce kana tara kuɗin rajistar jarrabawa, ta riƙa nuna maka saura nawa.

Mece ce kwantena a nan?

Kowa ya san kwantena, wannan ƙaton akwatin ƙarfe da tirela ke ɗaukowa daga tashar jiragen ruwa ta Legas, wanda wasu ke mayarwa shago. Kafin zuwanta, buhu-buhu da ganga-ganga ake loda jirgi, a yi kwanaki ana abu ɗaya. A 1956 wani Ba'amurke mai harkar motocin dako, Malcom McLean, ya ɗora kwantena 58 a kan jirgin Ideal X daga Newark zuwa Houston. Hikimar ita ce, jirgi da jirgin ƙasa da tirela ba ruwansu da abin da ke ciki, su dai akwatin suka sani.

Wannan tunani ne manhajar Docker, wadda ta fito a 2013, ta kawo wa kwamfuta. Firefly III ba ta iya tsayawa ita kaɗai. An rubuta ta da yaren PHP, tana bukatar wani takamaiman zubi na yaren, da sabar da za ta nuna shafukanta, da ƙananan kayan aiki barkatai. Idan ka ce za ka girka su ɗaya bayan ɗaya, wani zai yi karo da wani, ka kwana kana neman inda matsalar take. Docker kuwa yana kawo maka su a ƙulle wuri guda, a wani ƙunshi da ake kira imej. Idan ka tayar da imej ya fara aiki, shi ne ya zama kwantena. Tana aiki a keɓe, kamar ɗan haya mai ɗakinsa da makullinsa, amma tana amfani da ƙwaƙwalwa da injin kwamfutar gidan. Shi ya sa ba ta da nauyi kamar a ce ka girka wata cikakkiyar kwamfuta a cikin kwamfuta.

Tsarin da masu Firefly III suka tanada yana da kwantena uku. Ta farko manhajar ce kanta. Ta biyu rumbun bayanai ne mai suna MariaDB, inda ake jera duk abin da ka shigar. (Wanda ya ƙirƙire shi, Michael Widenius ɗan ƙasar Finlan, sunan 'yarsa Maria ya sa masa. Kafin nan ya riga ya sa wa MySQL sunan wata 'yar tasa, My.) Ta uku ƙarama ce, aikinta kamar na mai kaɗa ƙararrawa: sau ɗaya a rana take tashi ta tuna wa manhajar abubuwan da ke maimaituwa.

Fayil uku, da inda ake tuntuɓe

Da farko a girka Docker. A kan Ubuntu ya fi sauƙi da rashin nauyi, musamman ga tsohuwar na'ura, kuma shi ma kyauta ne. A kan Windows sai an bi ta Docker Desktop. Ka tanadi data, don imej ɗin za su ci ɗaruruwan megabait, amma sau ɗaya ne.

Sai ka buɗe folda sabuwa, ka sauke fayil uku daga shafin Firefly III. Na farko shi ne docker-compose.yml, wato takardar da ke lissafa kwantenonin uku da yadda za su yi hulɗa. Na biyu .env, saitin manhajar. Na uku .db.env, saitin rumbun bayanai. A cikin waɗannan ukun ne duk aikin yake, kuma a nan ne mafi yawan masu farawa ke faɗuwa.

Fayil ɗin farko yana da tsantseni a kan tazarar da ke farkon layi. Da maɓallin tazara ake yin ta, ba da maɓallin Tab ba, kuma idan layi ya goce ko da tazara ɗaya ce, komai zai ƙi tashi. Kada ka taɓa abin da ba ka gane ba. Layi ɗaya ne ya kamata ka fahimta sosai, wanda aka rubuta 80:8080. Lambar dama ƙofar cikin kwantena ce, ta hagu kuma ƙofar da za ka ƙwanƙwasa daga waje. Idan wata manhaja ta riga ta tare ƙofa ta 80, sai ka mayar da shi 8081:8080. Ta hagu ake canzawa, ta dama a bar ta yadda take.

A cikin .env akwai layin APP_KEY. Wannan makullin manhajar ne, kuma dole ya zama harafi da lamba 32 cif, ba 31 ba, ba 33 ba. Ka goge wanda aka sa na misali, ka rubuta naka, ka ƙirga sau biyu. Akwai kuma layin TZ na lokaci, wanda ke zuwa da agogon Amsterdam. Ka mayar da shi Africa/Lagos, ko Africa/Niamey ga 'yan Nijar, don kada abin da ka shigar da daddare ya faɗa a wata ranar.

Sai kalmar sirri ta rumbun bayanai. Sau biyu ake rubuta ta, ɗaya a .env ɗaya a .db.env, kuma dole su zama iri ɗaya harafi da harafi. Ga wani tarko da ba a cika faɗa ba: MariaDB sau ɗaya yake karanta wannan kalma, a ranar da aka fara tayar da shi. Idan daga baya ka canza ta a fayil, shi yana nan riƙe da tsohuwar, sai manhajar ta zo da sabuwa ya ƙi buɗe mata. Don haka ka tsayar da kalmar kafin tashin farko.

Abin da ya fi rikita mutane shi ne layin DB_HOST. Wanda ya ɗan san kwamfuta zai ce ai rumbun yana kan na'urar nan, bari in rubuta localhost. Kuskure ne. Kalmar localhost tana nufin "ni kaina", kuma idan kwantena ta faɗe ta, kanta take nufi, ba laftof ɗinka ba. Sai ta shiga lalube a ɗakinta tana neman rumbun da ke ɗakin maƙwabciya. Kwantenoni da suna suke kiran juna, kuma sunan rumbun a takardar shi ne db. A bar shi haka.

Idan an gama, sai a buɗe tagar umarni a cikin foldar a rubuta docker compose up -d. Ka ba ta 'yan mintuna. Ka buɗe burauza ka rubuta localhost, wanda a wannan karon laftof ɗinka yake nufi tunda daga waje kake. Idan shafi bai fito ba, umarnin docker compose logs zai nuna maka ƙorafin kowace kwantena, kuma galibi amsar tana layukan ƙarshe. Wanda ya fara yin rajista shi ne mai gida, don haka ka yi taka nan take. Kuɗin da za ka tarar an saita Yuro ne. Idan ba ka ga Naira a jerin ba, ka ƙara ta da kanka da lambar NGN.

Ranar da na goge wata huɗu

Kwantena abar yarwa ce. Ana iya rushe ta a tayar da sabuwa cikin daƙiƙoƙi, kuma haka ma ake sabunta manhajar. Duk abin da aka rubuta a cikinta yana tafiya da ita. To ina lissafinka yake zama? A wani wuri daban da Docker ke keɓewa a kan faifan kwamfutar, ana ce masa bolum. Ka ɗauke shi kamar rumbun hatsi da ke bayan gida: ko an rushe ɗaki an sāke gini, hatsi na nan. Firefly III tana da guda biyu, ɗaya na bayanai, ɗaya na hotunan rasit da sauran abin da ka liƙa.

Ni da kaina na koyi wannan da tsada. Wata rana manhajar ta ƙi buɗewa, na shiga intanet neman mafita, na ga wani ya ba da shawarar a rubuta docker compose down -v a sāke tayarwa. Na kwafa ban tambaya ba. Ta kuwa tashi lafiya lau, sai dai ta tarbe ni da shafin rajista kamar ba ta taɓa ganina ba. Ashe wannan ɗan harafin v na ƙarshe cewa yake a haɗa da rumbunan a rushe. Lissafin wata huɗu ya tafi, kuma babu kamfanin da zan buga wa waya in yi kuka, tunda ni ne kamfanin. Da umarnin down kawai na rubuta, da babu abin da ya ɓata.

Tun daga ranar, duk Juma'a nake yin kwafin ajiya. Abu uku ake kwafewa: rumbun bayanai, wanda ake fitarwa da umarnin mariadb-dump ya zama fayil guda, hotunan rasit, da fayilolin saiti, musamman saboda makullin nan mai harafi 32. A sa su a filashi, a ajiye filashin a wani wuri ba cikin jakar laftof ɗin ba, don ɓarawon da ya ɗauki jaka ba ya ware filashi ya bar maka. Kuma ko sau ɗaya ne, ka gwada mayar da kwafin a kan wata na'ura ka ga ko yana buɗewa. Sau da yawa sai ranar bukata mutum ke gano fayil ɗin da yake ta adanawa fanko ne.

Wuta ma abin lura ce. Rumbun bayanai ba ya son a ɗauke wuta yana tsakiyar rubutu, yana iya lalacewa. A nan laftof ta fi kwamfutar tebur, don batirinta yana riƙe ta na ɗan lokaci. Layin restart: always da ke cikin takardar kuma yana sa kwantenonin su tashi da kansu duk lokacin da Docker ya tashi bayan an kunna na'urar.

Za ka iya shiga daga waya idan ita da laftof suna kan waya-fai ɗaya, ta hanyar rubuta adireshin laftof ɗin, wanda yawanci ke farawa da 192.168. Ba a bukatar data don wannan, tunda maganar ba ta fita daga gida. Shawarata ita ce ka tsaya nan tukuna. Buɗe manhajar ga intanet baki ɗaya yana bukatar ƙarin tsaro, kuma akwai na'urori da ba su da aiki dare da rana sai laluben ƙofofin da aka bari a buɗe.

Wanda ya ga kwantena uku sun yi masa yawa, akwai Actual Budget, wadda aka buɗe rubutunta ga kowa a 2022. Kwantena ɗaya ce, tana amfani da ƙofa ta 5006, kuma tsarinta na raba kuɗi ne kashi-kashi tun kafin a kashe. Amma a ganina Firefly III ta fi koyarwa, daidai saboda wahalarta: wanda ya sa kwantena biyu suka yi magana da juna ya taɓa irin aikin da ake biyan injiniyoyi albashi a kansa.

Idan kuna da kulob ɗin kwamfuta a makaranta, ku nemi izinin malami ku gwada a kan na'ura ɗaya da lissafin wasa, ba na gaske ba. Ku shigar da kuɗin ƙarya na mako guda, ku yi kwafin ajiya, sannan ku rubuta down -v da gangan, ku ga wa zai fara dawo da lissafin.