Wakili Mai Tafiya: Manhajar da Ake Aika ta Cikin Layukan Waya

Duk mai riƙe da waya a Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa ya san wannan matsala. Ka fara tura kuɗi ko sayen data, kana tsakiyar danna lambobi sabis ya ɗauke, dole ka koma farko. Tsohuwar matsala ce a wajen injiniyoyin sadarwa. Tun farkon shekarun 1990, lokacin da sadarwa marar igiya ke da tsada da rauni har a Amurka, suka tsaya kan wata tambaya: me zai hana a tura ƙaramar manhaja ta je inda bayanai suke, ta yi aikin a can, ta dawo da sakamako kawai? Irin wannan manhaja ita ake kira wakili mai tafiya. Wannan rubutu zai bayyana yadda take aiki, da inda ta samo asali, da abin da ya rage nata a cikin wayoyin da ke hannunmu.

Hanyoyi biyu na sa kwamfuta aiki daga nesa

Hanya ta farko ita ce wadda kowa ya saba da ita: tambaya da amsa. Idan ka danna *310# don duba kuɗin da ya rage maka, wayarka ta aika tambaya, kwamfutar kamfani ta dawo da amsa. Idan kuɗi za ka tura ta lambar banki, kowane mataki tafiya ce da dawowa: zaɓen banki, rubuta lambar asusu, tabbatar da suna, sa lambar sirri. Dole layin ya kasance a buɗe daga farko har ƙarshe. Ya yanke a mataki na huɗu, ukun farko sun tashi a banza.

Hanya ta biyu ta yi kama da ɗan aike. Maimakon ka riƙa kiran kasuwa sau goma, sai ka ba yaro kuɗi da bayani: ka je wurin wane, in buhu bai wuce kaza ba ka saya, in ya wuce ka duba wurin wane. Da zarar ya fita, ba ya bukatar jin muryarka sai ya dawo. Haka wakili mai tafiya yake. Waya na bukatar sabis sau biyu ne kacal, lokacin tura shi da lokacin karɓar abin da ya kawo. Tsakanin nan ko an kashe wayar, aiki na ci gaba.

Abin da wakili ke ɗauke da shi

Abu uku ne ke tafiya tare. Na farko, umarnin aikin, wato manhajar kanta. Na biyu, bayanan mai aiken: abin da yake so, da iyakar abin da ya yarda a kashe. Na uku, wanda shi ne ya bambanta wakili da saƙon tes, shi ne matsayin da aikin ya kai. Wakili na iya tsayawa a tsakiyar aiki a wata kwamfuta, a naɗe shi gaba ɗaya, a aika shi wata, ya ci gaba daga daidai inda ya tsaya.

Kowace kwamfutar da za ta karɓe shi sai tana da masauki, wato wata manhaja da ke tantance wanda ya aiko shi, ta ba shi wurin aiki, ta kuma iyakance abin da zai taɓa.

A ɗauka wani manomi a Faskari yana da buhunan masara, yana son sanin inda ya fi dacewa ya kai. Zai hau inda sabis ke kamawa, ya tura wakili da umarnin ya duba farashi a Ɗandume, da Funtuwa, da Dawanau ta Kano, ya cire kuɗin mota, ya kawo wuri biyu mafiya riba. Wakilin zai bi kwamfutocin da ke ajiye farashin ɗaya bayan ɗaya, ya tace bayanan a can, ya jira har wayar ta sake kama sabis. Abin da zai sauko wa manomin layi biyu ne na rubutu, ba dogon jerin farashin da zai cinye masa data ba. Ribar tsarin ke nan: ƙarancin zirga-zirga a layi, da jure yankewar sabis, da amsar da aka yi wa mutum ɗaya daidai bukatarsa.

Daga ina tunanin ya fito

Kamfanin General Magic, wanda wasu tsofaffin ma'aikatan Apple suka kafa a 1990 a Kalifoniya, shi ne ya fara fitar da abin kasuwa. Injiniyansa Jim White ya jagoranci ƙirƙirar wani harshen kwamfuta mai suna Telescript, wanda ke da umarni guda da ke sa manhaja ta tashi daga wata kwamfuta ta koma wata. Kowane wakili yana da takardar izini da ke ƙayyade tsawon rayuwarsa da yawan abin da zai ci, don kada ya yi ta yawo ba iyaka. A 1994 kamfanin waya na AT&T ya buɗe wata hidima mai suna PersonaLink a kan wannan fasaha, Sony kuma ya fitar da na'urar hannu ta Magic Link. Kasuwa ba ta karɓa ba. An rufe PersonaLink a 1996, General Magic kuma ya durƙushe a 2002.

Masu bincike ba su saki tunanin ba. A cibiyar IBM da ke Tokiyo, Danny Lange da Mitsuru Oshima sun gina tsarin Aglets da harshen Java. A 1996 aka kafa ƙungiyar FIPA a Janeba don tsara yadda wakilan kamfanoni daban-daban za su fahimci juna. A Jamus an gina Grasshopper, a Italiya kuma cibiyar binciken kamfanin wayar ƙasar ta fitar da JADE. A daidai lokacin ne ake tsara 3G, masu tsarin kuma na da burin duk ƙasar da mutum ya je da wayarsa ya tarar da hidimominsa kamar yadda ya baro su a gida: harshensa, da tsarin kiransa, da yadda ake cire masa kuɗi. Da yawa sun ga wakili mai tafiya ne zai ɗauki wannan kaya ya bi mutum.

Yadda layi ke gane mai shi

Wayar salula ta GSM ta fara aiki a Najeriya a watan Agustan 2001, bayan gwanjon lasisin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi a Janairun shekarar, inda aka biya dala miliyan 285 kan kowane lasisi. A cikin wannan tsari akwai wani abu da ke bin mutum duk inda ya je, amma bayanai ne, ba manhaja ba.

Kowane layi yana da babbar rajista a kamfaninsa, wadda injiniyoyi ke kira HLR. A nan aka rubuta lambarka, da hidimomin da aka yarda maka, da yankin da wayarka take. Idan ka tashi daga Sabuwa ka shiga yankin da wata cibiyar haɗa kira ke kula da shi, sai a aika kwafin bayananka zuwa rajistar baƙi ta wannan cibiya, wato VLR, a goge na inda ka baro. Idan ka ƙetara ta Jibiya zuwa Maraɗi, kamfanin Nijar da wayarka ta kama zai tuntuɓi rajistarka ta gida kafin ya ba ka hanya. Akwai kuma wani tsari mai suna CAMEL da ke ba kamfaninka damar lissafa kuɗin katinka ko kana wata ƙasa.

Manhaja ma tana tafiya, sai dai gajeriyar tafiya. Katin layin da ke cikin waya ƙaramar kwamfuta ce, kuma kamfani na iya aika masa sababbin saituna ta iska. Da jerin zaɓin da ke cikin katin layi M-Pesa ta fara aikin tura kuɗi a Kenya a 2007, a kan ƙananan wayoyi masu madannai. Duk shafin intanet da ka buɗe yana sauko da 'yar manhaja da ke aiki a cikin wayarka. Saƙon WhatsApp da ka rubuta ba sabis yana jira ne da alamar agogo, ya tafi da kansa idan sabis ya dawo. Tayin data da kamfani ke turo maka, wanda ya bambanta da na maƙwabcinka, wata manhaja ce ta duba yadda kake kashe kuɗi ta tsara maka shi. Ita wannan ba ta tafiya ko'ina, tana zaune a kwamfutar kamfani.

Abin da ya hana wakili cin kasuwa

Babban dalili shi ne amana, kuma ta fuska biyu. Manhajar da ke tashi daga kwamfuta zuwa kwamfuta da kanta ba ta da bambanci da ƙwayar cutar kwamfuta sai ta fuskar niyya. Injiniyoyi ba su manta da 1988 ba, lokacin da wata manhaja mai yaɗa kanta da ɗalibi Robert Morris ya saki ta tsayar da dubban kwamfutoci a Amurka. Ba kamfanin waya ko bankin da zai buɗe ƙofarsa ga manhajar baƙo cikin sauƙi. Wannan ana iya rage haɗarinsa ta hanyar killace wakili a masauki.

Fuska ta biyu ta fi wuya. Wakili yana hannun mai masaukinsa ɗungurungum. Idan kwamfutar wani ɗan kasuwa ta karɓi wakilin manomin nan na Faskari, tana iya leƙa mafi ƙarancin farashin da ya yarda da shi, ko ta sauya farashin da ya tattaro daga wasu kasuwanni. Ilimin ɓoye bayanai ya samar da dabarun gano an taɓa kaya, amma hana taɓawar gaba ɗaya ya gagara.

Sannan duniya ta sauya. A manyan birane intanet ya yi sauri ya yi araha, hujjar tsimin layi ta yi rauni. Kamfanoni sun ga ya fi musu sauƙi su tara komai a manyan cibiyoyinsu, waya ta riƙa tambaya suna amsawa. An gina manhajojin zamani bisa zaton sabis ba ya yankewa.

Inda zaton bai yi daidai ba

Ƙanƙara da Faskari na iyaka da Zamfara, Sabuwa kuma da Kaduna, duk a gefen dazuzzukan da 'yan bindiga suka addaba. A irin waɗannan wurare, kai man janareta ga ƙarfen sabis da gyaransa aiki ne mai haɗari, a ƙauyuka da yawa kuma ƙaramar waya ce ke hannun mutane. Matsalar da aka ƙirƙiro wakili dominta tana nan daram.

Shekarar 2021 kuma ta nuna iyakar kowace irin dabara. A ƙarshen Agusta gwamnatin Aminu Bello Masari ta sanya dokokin tsaro, ciki har da hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme. A Satumba, bayan an yi haka a Zamfara, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, don hana 'yan bindiga magana da masu kai musu rahoto. Sai a Disamba aka fara dawo da sabis. A tsakanin nan sana'ar POS ta tsaya, mai son kira sai ya yi tafiya zuwa garin da ke da sabis, saƙo kuma ya koma hannun direbobi.

Darasi biyu ne a nan. Wakili yana jure sabis mai zuwa yana ɗaukewa, amma ba ya aiki inda babu sabis sam, domin sai ya sami hanyar fita. Na biyu, manhajar da ta dace da wannan yanki ita ce wadda ke karɓar umarni a ajiye, ta aika idan hanya ta buɗe, ta kawo gajeriyar amsa da Hausa, a rubuce ko da murya. Hasashen damina na hukumar NiMet, da farashin taki, da ranar rigakafin yara, duk sun fi amfani idan an tace su daidai ƙauyen mutum da abin da yake nomawa.

Farashin a san ka

Ba a yi wa mutum hidima daidai bukatarsa sai an san shi. Tun Disamban 2020 aka wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN, don haka abin da kamfani ya sani game da layi ya sani ne game da mutum sananne: inda yake kwana, da wanda yake kira, da lokacin da kuɗi ke shigo masa. Sababbin manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ake cewa za su yi wa mutum saye da biya su ma suna bukatar irin wannan sani, da ma fiye.

Doka ta ba mai layi wasu makamai. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ba shi haƙƙin sanin abin da aka tara a kansa da neman a gyara kuskure. Tura STOP zuwa 2442 na tsayar da saƙonnin talla, 622 kuma layin kai ƙorafi ne ga NCC idan kamfani ya kasa warware matsala. Kafin ka ba kowace manhaja izinin yin abu da sunanka, ka san abin da za ta gani, da iyakar abin da za ta kashe, da yadda za ka dakatar da ita. Lambar sirrinka ta banki kuwa, kada ka ba kowa, mutum ne ko manhaja.