Ragowar makamashin nukiliya: wa zai tsare ta?

Daga Sanam har Filinge, kowane manomi ya san maƙiyan rumbu biyu ne: ruwa da ɓarawo. Su ne kuma maƙiyan ramin da ake binne ragowar makamashin nukiliya.

Kamfanin Somair ya fara fitar da ƙarfen yuraniyom a Arlit cikin shekarar 1971, Cominak ya biyo baya a Akokan a 1978. A ƙasashen waje ake mayar da ƙarfen sanduna, a sa su cikin tashoshin wutar lantarki. Bayan ƴan shekaru sanda takan gama aiki, amma gubarta tana nan har dubban shekaru. Tana kuma ɗauke da fulutoniyom, wanda ake iya ƙera bom da shi.

Domin tsare ta daga ruwa, ƙasar Finlan ta soma haƙa ramin Onkalo a tsibirin Olkiluoto cikin 2004. Zurfinsa ya wuce mita 400 cikin dutse. An tsara a sa sandunan cikin tukwanen jan ƙarfe, a kewaye su da yumɓu, su zauna shekaru 100,000. Faransa ta zaɓi yankin Bure, a zurfin mita 500.

Hana a karkatar da ita zuwa ƙera makami kuwa aikin Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ne, wato AIEA, da aka kafa a 1957. Ma'aikatanta suna duba lissafin sanduna, su sa hatimi, su kafa na'urorin ɗaukar hoto. Amma da zarar an toshe rami, ba mai sake shiga ya ƙidaya. Saboda haka dole lissafi ya cika kafin rufewa, sannan a ci gaba da sa ido daga sama, kada wani ya haƙo ta wata hanya.

Sandunan ba sa dawowa Nijar, amma ƙasar tana da nata kaso. Da Cominak ya rufe ranar 31 ga Maris 2021, ya bar tarin dusar ma'adini wajen tan miliyan 20. An tsara rufe tarin da yumɓu da duwatsu, kaurin mita biyu. Gubarsa ba ta kai ta sanduna ba, amma iska da ruwa suna iya ɗaukarta.

Kamfani yakan tashi, gwamnati takan sake, tarin kuwa yana nan. Ya wajaba hukuma ta riƙa auna ruwan rijiyoyin yankin, ta bayyana sakamako cikin harsunan jama'a, ta ajiye takardun domin jikoki.